Ɗan naman Malama Luba da ban yanka ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malama Luba ta tafi.

Yau da safe labarin ya iske ni, ina tsaye bakin titi a Tudun Wada ina jiran keke zuwa wurin aiki. Alhaji Sanda ne ya kira, maigidanta. Ina ganin sunansa na san ba lafiya ba, don bai saba kirana da safe ba.

Ya ce, "Kulu, sai haƙuri. Malamarku ta cika bayan asuba."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Mai keke ya tsaya yana ta tambayata ina za ni, ni kuwa ina kallonsa kamar ba na jin Hausa.

Ashe Alhaji bai gama ba. Ya ce, "Kina ji na? Inna ta ce in hwaɗa maki, naman ɗiyarta da ke hannunki ki kawo shi kahin azahar. Da shi za a ruhe ta."

An yi jana'iza, an kai ta, na dawo lab, ɗakin gwajinmu, na zauna ni kaɗai, kuma in ban faɗa wa wani abin da ya faru yau ba, zuciyata fashewa za ta yi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Da yawanku ba ku san ta ba, ko da kuwa ta taɓa yi muku aiki. Likita ce, amma irin wadda marar lafiya ba ya gani. In aka ɗebo ɗan nama daga jikin mutum don a gane ciwonsa, wurinta ake kawowa. Mu sa shi cikin kaki irin na kyandir ya daskare ya zama ɗan bulo manne da 'yar roba, mu yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, mu ɗora a gilashi, mu rina, ita kuma ta leƙa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa ta faɗi abin da ke ciki.

Ni ɗalibarta ce. Duk abin da na iya a aikin nan daga hannunta na ɗauka.

A Kano na yi karatu, na dawo gida bakina ya juye, shi ya sa ba ta taɓa kirana da sunana ba in tana cikin raha. Sai dai, "Ke Bakanuwa, taho nan." Ina jin haushi wallahi. Yau da zan ji ta ko sau ɗaya, da na amsa da gudu.

Kansar huhu ce ta tsaya mata a rai. Ta gaji da ganin mutanenmu, har da matan da ko warin taba ba su sani ba, ana ta ɗura musu maganin tarin tibi wata da watanni, sai abu ya ci jiki sannan a ɗebo nama a kawo mata. A lokacin kuwa me ya rage?

Ranar da na fara zama gabanta na zuba mata Turancin littafi, ina ji da kaina. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "To madalla. Yanzu hwaɗa man da Hausa, yadda Innata za ta gane."

Na buɗe baki, Turancin ya sake fitowa.

Ta yi dariya ta ce, "Ɗauki gidan haya da anka cika da mutane a watan zahi. Na bakin ƙofa suna samun iska, na ƙuryar ɗaki ba su samu. Haka ƙari yake in ya girma da sauri. Jijiyoyin jini ba su kai ga na tsakiya ba, iska ta yanke masu. Da masu kunya na, da sun mutu mun huta. To ba su mutuwa. Akwai wani furotin da suke tayarwa, shi kuma ya yi ta kiran sababbin jijiyoyi su zo, ya koya masu zama da iska kaɗan."

A littafi HIF ake ce masa. Ita kuwa mai kururuwa take kiransa. Akwai na biyu, Ki-67, wanda ke nuna ƙwayoyin da ke cikin rabuwa suna ƙara yawa, shi kuma ta sa masa mai haihuwa. Kowanne da ruwan rininsa. In muka zuba, duk inda yake sai wurin ya fito ruwan ƙasa a gilashi.

Tambayarta ɗaya ce tak. A naman mutanenmu na nan, in mai kururuwa ya yi yawa, shin mai haihuwa ma yana yin yawa? In haka ne, wataƙila wata rana likita ya leƙa ya gane wane ƙari ne mai gaggawa. Shi ya sa dole a rina kowane nama da duka biyun. Ɗaya shi kaɗai ba ya amsa mata komai.

Amma ba ilminta ne ya sa nake kuka ba.

Malama ba ta taɓa sa naman mutum cikin binciken nan ba sai ta tambaya. Ba aike ba. Da ƙafarta take zuwa, ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta yi bayanin gidan haya da watan zafi har tsohuwar gidan ta gyaɗa kai. Kuma tana da doka, ta maimaita min ita har na haddace: "Sau guda ake tambaya. In sunka ce a'a, ki yi godiya ki tashi. Kar ki sake baki, kar ki ɓata fuska."

Akwai wani dattijo manomin shinkafa da ya yarda da bakinsa tun yana da rai. Bayan ya rasu 'ya'yansa suka zo suka ce a ba su naman ubansu su binne. Ba mu ma kai ga yanka shi ba. Ta ɗauko bulon ta miƙa musu da hannu biyu, ta yi musu gaisuwa, ta raka su har ƙofa.

Na hau sama ranar. Na ce, "Haba Malama! Mai naman fa ya yarda!"

Ta ce, "Shi ya tahi, Kulu. Su za su kwana da abin a rai."

Na yi ta ƙunƙuni har aka tashi aiki. Ta ƙyale ni, da za mu tafi ta ce in shigo mota ta sauke ni, a hanya ta tsaya ta saya min fura mai sanyi ta ce in sha ko zuciyata ta sauka.

Haka take.

Da na haihu, ita ta riƙe aikina har na yi arba'in, ba ta taɓa ambata min ba. Da mahaifina ya kwanta asibiti, kullum sai ta leƙa shi kafin ta shigo lab, har ya zaci 'yar uwar mahaifiyata ce. In an ɗauke wuta, ita da kanta take ɗaukar kula ta bi masu ƙanƙara, don kar rinin ya lalace a firij. Babbar likita guda, da kula a hannu, tana ciniki da mai ƙanƙara kamar za ta sayar da zoɓo.

Ita ta koya min yanka. Kun san zafin garin nan, kaki laushi yake yi, in ka sa a inji sai ya cukurkuɗe. Sai an kwantar da bulon a kan ƙanƙara ya yi tauri. Sannan in an ɗaura shi a inji, kafin a juya hannun, akwai abin da take yi. Ta sunkuya ta hura masa numfashi a hankali, haaa, kamar mai goge madubi. Sai ka ga yankan ya fito sumul, ɗaya manne da ɗaya.

Ta ce, "Wanga ba shi cikin littahi. Ba shi lumhwashinki kaɗan, shi ba ki abin da kike so."

A nan na fara ganewa, amma na ƙi yarda da idona.

Wata rana ta sunkuya za ta hura, numfashin ya ƙi kai wa. Ta sake, tari ya sarƙe ta. Ta dafa tebur ta daɗe, sannan ta ɗago tana murmushi ta ce, "Bakanuwa, ara man naki." Na sunkuya na hura, ita ta juya hannun injin. Daga ranar haka muka koma yi, ni hurawa, ita juyawa. Na tambaye ta, ta ce mura ce. Na sake tambaya, ta ce in kula da aikina.

Ta ɗauki hutu ta ce za ta je ganin 'yan uwa a wani gari. Ta dawo ta rame.

Bayan 'yan kwanaki ta miƙo min gilashi ɗaya, an riga an rina shi da mai haihuwa. A aikinmu lamba ake sa wa gilashi, ba suna ba, don haka ban kawo komai a raina ba. Ta ce, "Karanta man wanga, in ga ko kin iya."

Na leƙa. Ko'ina ruwan ƙasa, kamar an watsa garin daddawa a farar miya. Ni kuwa da rawar kai, ina son in burge ta, na ce, "Kai, Malama! Wannan gudu yake yi. Mai naman nan sai dai addu'a."

Ta ce, "Kin karanta daidai."

Sannan ta ce, "Nawa na, Kulu. Daga huhuna anka ɗebo shi."

Wayyo Allah.

Na zame daga kujera na riƙe ƙafarta ina ba ta haƙuri, ita kuma tana bubbuga bayana tana cewa, "Ke tashi, mi kinka yi? Gaskiya kinka gani kinka hwaɗi. Da kin ce man lahiya lau, da na kore ki daga lab ɗin ga."

Ashe tafiyar da ta yi, can ta je aka sa allura aka ɗebo, don kar mu sani. Ta taho da bulon a jakarta. Ta ciro shi ta sa min a tafin hannu. Naman da ke ciki bai fi guntun zare ba.

A lokacin rinin mai kururuwa ya ƙare mana, mun aika a kawo daga waje, shiru. Ta ce, "In ya iso, ki yanka nawa ki rina, ki sa ni cikin layin mutane. Na shiga gidaje na roƙi naman iyayen wasu, ba ni hana nawa. Amana ta, Kulu."

Na ce na ɗauka.

Da jiki ya yi nauyi, Inna, mahaifiyarta, ta ce a mayar mata da 'yarta gida Gidan Igwai ta yi jinyarta da kanta. Alhaji bai musa ba. Duk wanda ya san unguwar ya san Inna da suyar masa. A bakin murhun nan Malama ta girma, tana fifita wuta tana juya tanda kafin ta tafi makaranta. Ba ta taɓa ce min hayaƙin ne ya jawo mata ba, ta ce ba mu da tabbas kuma likita ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. Amma Inna ma tana tari. Ta daɗe tana yi, busasshe, irin mai fitowa daga can ƙasa. Babu irin roƙon da Malama ba ta yi mata ba a kan ta zo a duba ƙirjinta. Inna ta ce ita da asibiti sai dai a kai gawarta.

Har gilashin nan da na karanta Malama ta ɗauka ta kai mata, ta ɗaga shi a rana ta ce, "Inna, ga abin da ke cikin ƙirjina, ki bari a duba naki tun da sauran lokaci." Inna ta karɓe gilashin ta ƙulle a bakin zane, ta tambayi ina sauran naman yake. A nan ta ji sunana.

Ganina na ƙarshe da ita, ranar Juma'ar da ta wuce ne. Tana jingine da filo, ga tukunyar iska a gefe, roba a hanci. Magana ɗaya sai ta huta kafin ta biyu. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta ta ce, "Kin ji shi? Mai kururuwa na ta aiki."

Na ce, "Malama don Allah ki bari."

Ta ce, "Rinin ya zo?"

Na ce tukuna.

Ta lumshe ido. Na zaci barci ya ɗauke ta, na tashi a hankali. Har na kai ƙofa na ji ta ce, "Bakanuwa. Ki sa shi ga ƙanƙara da kyau. Ɗan kaɗan na, kar ki ɓata shi."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Jiya da la'asar rinin ya iso. Jiya, jama'a! Na je Sama Road na karɓo shi cikin kula, na rungume shi a keke kamar jariri. Na kira in yi mata albishir, Alhaji ya ce ta samu barci, kar a tashe ta. Na ce ba komai, gobe in na rina sai in zo mata da labari gaba ɗaya.

Goben ke nan.

Da na tashi daga bakin titin nan yau, ban nufi gidan rasuwa ba. Lab na nufa. Ba zan ɓoye muku ba, da niyyar yanka na shiga. Akwai wuta, akwai ƙanƙara, ga sabuwar reza. Na ce a raina yanka ɗaya tak, sirir, wanda ko ido ba ya gani sosai. In goge bulon in kai wa Inna, wa zai sani? Mai naman da bakinta ta ba ni. Amana ta ce.

Na kwantar da shi a ƙanƙara ya yi tauri. Na ɗaura a inji. Na kama hannun injin, na sunkuya zan hura.

Numfashin ya ƙi fita.

Wallahi tallahi ba ƙari nake yi ba. Bakina a buɗe, ƙirjina ya toshe, sai 'ya'yan dattijon nan nake gani tsaye a ƙofa, da Malama tana miƙa musu bulo da hannu biyu. Na yi ta faɗa da ita a raina. Na ce Malama ke kika ce in yanka. Na ce shekarunki nawa kina wannan wahala, ki tafi babu ke a ciki? Na ce wannan ba adalci ba ne, kin ɗora min abu biyu masu karo da juna kin tafi kin bar ni.

Injin firij kawai ke ƙara.

Na kwance bulon, na naɗe a auduga, na fita.

Gidan cike yake da mata. An riga an yi mata wanka, ana shirin sa likkafani. Na tarar da Inna zaune a bakin gado, idonta a bushe ƙamas, carbi a hannu. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa gabanta, yadda na ga Malama tana yi a gidajen mutane.

Ta ce, "Kin kawo?"

Na buɗe audugar. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta juya shi, ta sake juyawa. Ina jin tsoka take zaton gani. Ta ce, "Wanga ɗan zaren?"

Na ce shi ne, Inna.

"Kin taɓa shi?"

Na ce ban taɓa ba. Na ce, "Inna, roƙo na zo yi, kuma sau ɗaya zan yi." Na faɗa mata gidan haya da watan zafi. Na faɗa mata mai kururuwa da mai haihuwa, da rinin da ya iso jiya, da abin da Malama ta ce min da bakinta. Na ce yanka ɗaya nake so, in ruga lab in dawo kafin a kira salla, sauran duka a rufe ta da shi. Muryata tana karyewa ina ɗaurawa.

Inna ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Na ji. Na kuma san ta hwaɗa maki, don halinta na. Tun tana ƙarama abin hannunta ba nata ba na." Ta rufe hannu a kan bulon. "Amma ni na haihe ta cikakka. Sun huda ta, sun zuƙe ta, sun aske mata kai da magani, ina kallo ban ce komi ba. Yau kam cikakka za ni maida ta ga Mai ita. A'a, ɗiyata."

Jama'a, akwai magana cike da bakina. Ina da hujja goma. Ina so in faɗi ƙasa in yi birgima, in kama ƙafarta, in ce Inna wasu matan za su amfana, Inna wasiyya ce, Inna ki tausaya min. Na kalli Alhaji da ke tsaye bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Sau guda ake tambaya.

Na ce, "Na gode, Inna."

Ban san yadda kalmar ta fita ba. Ban kuma sani ba ko fuskata ta ɓaci, na dai yi iya ƙoƙarina.

Mai wankan ta ce robar da ke manne da kakin ba za ta shiga kabari ba. Aka miƙo min wuƙar yanka albasa, ni da hannuna na ɓamɓare kakin daga robar. Kafin in gama har ya fara laushi a yatsuna saboda zafi. Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro gilashin nan, ta haɗa su, ta yagi ƙyallen likkafani ta naɗe. Ta ɗaga mayafin ta ajiye a kan ƙirjin Malama, ɓangaren dama, daidai inda aka huda.

Na ga fuskarta. Kamar za ta ce Bakanuwa.

Da maza suka ɗauke ta, gidan ya rushe da kuka. Ni ban iya kukan ba ma. Ina zaune riƙe da robar da babu komai a cikinta, ina tunanin shi ke nan, aikin da ta ba ni guda ɗaya a duniya na kasa.

Sai tari ya kama Inna. Ya daɗe bai sake ta ba, har aka kawo ruwa. Da ya lafa, ta miƙo hannu ta damƙe wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

Ta ce, "Nata na hana ki. Nata ba nawa ba na, ajiya ta." Ta ja numfashi. "Amma ta roƙe ni abu guda har ta gaji, ban yi mata ba. In an share makoki ki zo ki tahi da ni. Ki duba ƙirjin ga. In kin ga abin, ki yanka ki rina, ni na ba ki."

A nan kukan ya zo min.

Yanzu ga ni a lab. Rinin yana cikin firij, ko buɗe shi ban yi ba. A akwatin da muke jera bulo akwai gurbi ɗaya, na mayar da robar nan wurin, ban san dalili ba. Kujerarta tana nan yadda ta bar ta, ta ɗan karkace.

Ban sani ba ko na riƙe amanarta ko na ci. Wallahi ban sani ba. Don Allah kar kowa ya zo min ƙarƙashin rubutun nan da fatawa ko muhawara, wane ya yi daidai wane ya yi kuskure. Kar kuma wanda ya taɓa Inna da baki, uwa ce, ita ta san abin da ta haifa. Ba ni da ƙarfin wannan yau.

Tsoro nake ji. Na san tarin nan, na ji shi a bakin injin yanka kafin in ji shi yau a bakin gado. Ina tsoron ranar da za a miƙo min gilashi mai lamba, kuma wannan karon na san ko na wane ne, kuma babu wanda zai tsaya a bayana ya ce kin karanta daidai.

In kuna da tsohuwa a gida da tari ya ƙi ta, an sha magani an sake sha bai tafi ba, ku lallaɓa ta ku kai ta a duba. Kar ku jira sai an yi rasuwa ta yarda.

Ya Allah, ga baiwarka Lubabatu ta zo maka cikakkiya yadda uwarta ta so. Ka gafarta mata, ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya shi, ka ba ta iskar Aljanna ta shaƙa har ta ƙoshi, ita da ta yi watanni tana neman numfashi. Ka sa wahalar da ta sha ta zama kaffara. Ka karɓi niyyarta a kan ɗan naman nan kamar an yanka an rina. Ka ba Alhaji da yaran haƙuri.

Ya Allah, ka sa in na leƙa ƙirjin Inna in tarar babu komai.

Duk wanda ya karanta har nan, don girman Allah kar ka wuce haka. Ka yi wa Malama Luba addu'a ko da Ƙulhuwallahu ce. Ka sa Inna a ciki. Ni ma ku roƙa min Allah ya ba ni numfashin da zan hura, don in ta kama a yanka, ni ce zan yi.